Gama Kai Tsakanin Manoman Inabi da Baƙuncin Gona: Darasi ga Ƙasar Zazzau

Gabatarwa

Wanda duk ya ratsa kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ko manyan kantunan Kaduna da Kano da Abuja, zai ga inabi cikin ƙananan robobi, wanda galibi daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar aka shigo da shi, ana sayar da shi da tsada. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a Ƙaramar Hukumar Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunƙuyi, maƙwabciyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta wajen arewa, akwai manoma da suka riƙi noman inabi sana'a, har a 'yan shekarun nan jaridu suka riƙa ambaton Kudan a matsayin babbar cibiyar noman wannan ɗan itace a Nijeriya. Ga gonaki a Kudan, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, ga kasuwa da tashar mota da masaukai a Sabon Gari, dukansu a wuri guda, amma kowa yana harkar gabansa.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana dalilin da ya sa inabi, fiye da yawancin amfanin gona, ba ya yi wa ƙaramin manomi riba idan yana shi kaɗai. Da yadda manoman inabi na wasu ƙasashe suka gane haka bayan sun sha wuya. Da kuma yadda suka mai da gonakinsu wuraren da baƙi ke ziyarta suna biyan kuɗi. Ya kamata a faɗi wani abu tun da fari. Yawancin manoman Turai da za a ambata, giya suke yi da inabinsu, giya kuwa haramun ce ga Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan mutanen ƙasar Zazzau. Saboda haka ba sana'ar giya ake kira zuwa gare ta ba. Abin koyi a wurinsu shi ne tsarin haɗa kai, da kiyaye suna, da karɓar baƙi. Shi kansa inabi halal ne, Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomin Ubangiji, ana cin sa ɗanye, ana matse ruwansa a sha da zaƙinsa, ana kuma shanya shi ya zama zabibi.

Halin Inabi a Ƙasa Mai Zafi

Asalin inabin da ake nomawa a duniya daga ƙasashe masu sanyi yake, inda kurangar kan zubar da ganye ta yi barci a lokacin sanyi, sa'an nan ta farka ta yi toho da bazara. A ƙasa mai zafi babu wannan barci, kurangar tana ta yaɗo ne shekara duka. Don haka tilas manomi ya tsara mata lokaci da hannunsa, ta hanyar datse rassa. Manoman Indiya sukan datsa sau biyu a shekara: ta farko wajen watan Afrilu, domin kuranga ta fitar da sababbin rassa ta tara ƙarfi, ta biyu wajen Oktoba, domin ta yi fure ta ɗaura 'ya'ya. Daga datsa ta biyu zuwa tsinka akan ɗauki wata huɗu zuwa biyar.

Hikimar wannan tsari ita ce a kauce wa ruwan sama. Inabi ba ya shiri da laima a kan ganyensa da 'ya'yansa, gama ita ke kawo cutar fumfuna, wadda kan ƙone ganye ta ruɓar da nonon inabi tun bai nuna ba. A Samaru, wadda tsayinta daga gaɓar teku ya kusa mita 700, ruwan da ake samu a shekara ya kai wajen milimita 1,000, kusan dukansa kuwa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Daga nan sai rani mai tsawo, da hunturu mai sanyin dare da busasshiyar iska da hasken rana. Wannan yanayi na rani shi ne arzikin mai noman inabi a nan, muddin yana da ruwan da zai ba kuranga.

To, amma kafin a kai ga tsinka akwai kashe kuɗi mai yawa. Sai an kafa rumfa da dirkoki da waya, dirkokin kuwa in na itace ne gara ba ta barin su. Sai an haƙa rijiya ko burtsatse, an sayi injin ban-ruwa da mansa. Sai an nemi dashe mai kyau wanda aka tabbatar da irinsa, da taki, da maganin feshi, da raga ko masu korar tsuntsaye. Sa'an nan a yi jira fiye da shekara guda kafin a ga nonon farko. Bayan wannan duka, inabi yana da hali biyu da ke karya manomi a ranar ciniki. Na ɗaya, ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, saɓanin mangwaro da ayaba. In an cire shi da tsami, da tsaminsa zai kai kasuwa. Na biyu, in ya nuna ba ya jira. Cikin zafi, kwana kaɗan ne zai yanƙwane ya soma zubewa, sai fa an sanyaya shi nan da nan aka ajiye a ɗakin da sanyinsa ya kusa na ƙanƙara.

Ke nan manomin da ya tsinke kayansa, ba shi da ɗakin sanyi, ba shi da mota, ba shi da labarin farashin Abuja ko Ikko, ba shi da bakin yin ciniki. Abin da dillali ya taya, shi zai sallama, don ya san gobe kayan ba za su kai haka ba. Wannan shi ne tushen matsalar, kuma ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba.

Abin da Ya Tilasta wa Manoman Turai Haɗa Kai

A ƙauyen Mayschoss da ke kwarin kogin Ahr a ƙasar Jamus, ƙananan manoman inabi sun daɗe a hannun 'yan kasuwa masu yanka musu farashi yadda suka ga dama. A shekarar 1868 mutum 18 daga cikinsu suka kafa ƙungiyar gama kai, suka tara amfaninsu wuri guda, suka riƙa sarrafawa da sayarwa da sunan ƙungiya. Wannan ƙungiya tana nan har yau. Da ambaliyar watan Yuli na 2021 ta auka wa kwarin, ta hallaka mutum fiye da 130, ta lalata rumbunan ajiya da injuna, manoman inabi na sauran sassan Jamus ne suka zo da motocin noma da ma'aikata suka kula da gonakin 'yan'uwansu har aka tsinke amfanin shekarar. Gama kai ba don ranar ciniki kaɗai ake yin sa ba, har da ranar masifa.

A Faransa kuwa labarin ya fi ɗaci. Tun daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye gonakin inabi na ƙasar. Ba a shawo kansa ba sai da aka gano dabarar yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Da gonaki suka farfaɗo, sai amfani ya yi yawa fiye da kima, ga kuma 'yan algus masu haɗa ruwa da sukari suna sayarwa da sunan inabi. Farashi ya faɗi warwas. A 1901 manoman ƙauyen Maraussan na kudancin ƙasar suka kafa ƙungiyar gama kai, a 1905 suka gina rumbunsu na tarayya. A 1907 manoman yankin suka yi bore, dubban ɗaruruwa suka taru a birnin Montpellier ran 9 ga Yuni, a Narbonne kuma soja suka buɗe wuta aka yi asarar rayuka. Kafin watan ya ƙare majalisa ta yi doka ta hana algus, ta kuma wajabta wa kowane manomi bayyana yawan abin da ya girbe. A 1935 aka kafa tsarin kare sunan wuri, watau ba mai ikon liƙa sunan wani yanki a kan kayansa sai in a can aka noma, aka kuma bi ƙa'idodin da manoman yankin suka amince da su.

A nan akwai darasi mai muhimmanci. Sunan wuri dukiya ce ta jama'a. Manomi ɗaya ba ya iya gina shi, amma manomi ɗaya yana iya ɓata shi. Idan yau "inabin Kudan" ya yi suna a kasuwa, gobe wani ya tsinko ɗanye, ko ya yi feshi jiya ya kawo yau, ko ya jera masu kyau a bakin kwali ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, to, ba sunansa mai saye zai riƙe ba, sunan Kudan zai riƙe.

Har ila yau akwai misalin da ke gargaɗi. A Afirka ta Kudu an kafa babbar ƙungiya mai suna KWV a garin Paarl a 1918, don hana faɗuwar farashi. Da tafiya ta yi tafiya gwamnati ta ba ta ikon ƙayyade farashi da yawan abin da kowa zai noma. Manomi ya san za a sayi kayansa ko yaya suke, sai aka koma neman yawa aka bar neman kyau. An soke tsarin ƙayyadewar a 1992, a 1997 kuma ƙungiyar ta rikiɗe ta zama kamfani. Ƙungiyar da ta zama reshen hukuma, ta kuma biya mai kyau da marar kyau kuɗi ɗaya, ta kashe zuciyar mai ƙoƙari.

Misalai Daga Ƙasashe Masu Zafi

Mai sauraro yana iya cewa Turai dabam, ƙasar Hausa dabam. Saboda haka ya dace a dubi wuraren da yanayinsu ya yi kusa da na nan, waɗanda kuma inabin ci ne babban abin da suke nomawa.

A Jihar Maharashtra ta Indiya, ƙananan manoma ne ke riƙe da yawancin gonakin inabi. A 1991 ƙungiyoyinsu na gama kai suka kafa wata uwar ƙungiya mai suna Mahagrapes, mai ofis a birnin Pune, wadda ta haɗa ƙungiyoyi 16, domin kai inabi kasuwannin Turai da na ƙasashen Larabawa. Da fari an riƙa dawo musu da kaya masu yawa saboda rashin cika ƙa'ida. Maimakon su watse, sai suka gina wa ƙungiyoyin ɗakunan sanyi kusa da gonaki, suka riƙa sayen taki da magani da kwalaye a dunƙule, suka kuma riƙa koya wa kowane manomi irin maganin da aka yarda da shi da kwanakin da zai bari tsakanin feshi da tsinka. Sannu a hankali kayan da ake ƙi suka ragu ƙwarai. A 1997 gwamnatin Indiya ta buɗe cibiyar binciken inabi ta ƙasa a Pune, kusa da manoman. Abin lura shi ne, kowane manomi yana nan da gonarsa, ba wanda ya karɓe ta. Abin da aka haɗa shi ne abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

A arewa maso gabashin Birazil, a garuruwan Petrolina da Juazeiro, waɗanda nisansu daga tsakiyar duniya ya kusa daidai da na Zariya, ƙasa ce busasshiya, amma ban-ruwa daga kogin São Francisco ya mai da ita tushen yawancin inabin ci da Birazil ke fitarwa waje. A can ana tsinka sau biyu a shekara. Abu biyu suka tallafi manoman: tashar bincike ta hukumar Embrapa da ke Petrolina, da ƙungiyar masu fitar da 'ya'yan itatuwa mai suna Valexport, wadda aka kafa a 1988.

Game da zabibi kuwa, manoman Fresno a Jihar Kalifoniya ta Amurka sun kafa ƙungiyarsu a 1912, ita ce ake sani yau da Sun-Maid. Amfanin zabibi ga manomi shi ne, abin da bai samu shiga kasuwa ɗanye ba, ba a zubar da shi. Wajen kilo 4 na ɗanyen inabi ke ba da kilo 1 na zabibi, shi kuwa yana wata da watanni bai lalace ba, har ya riski watan azumi ko lokacin bukukuwa.

Baƙi a Gona

Mataki na biyu da manoman inabi suka ɗauka shi ne jawo mai saye ya zo gona da ƙafarsa. A 1935 aka buɗe hanyar inabi ta Jamus a yankin Pfalz, mai tsawon kilomita 85, domin taimakon manoman da kayansu suka yi kwantai. A 1953 yankin Alsace na Faransa ya buɗe tasa, mai wajen kilomita 170. A 1971 wasu manoma uku na Stellenbosch a Afirka ta Kudu, watau Frans Malan da Niel Joubert da Spatz Sperling, suka buɗe irinta bayan an ga yadda ake yi a Faransa. Ita wannan hanya ba sabon titi ba ce. Yarjejeniya ce tsakanin maƙwabta: a kafa alamu iri ɗaya, a buga taswira ɗaya, a yarda da ranaku da sa'o'in buɗewa, kowa ya nuna wa baƙo ƙofar na gaba da shi. Dalili kuwa a fili yake: ba mai yin tafiyar rabin yini don ganin gona ɗaya, amma zai yi don ganin gonaki biyar da kasuwa da wurin cin abinci da wurin tarihi.

Kada a zaci cewa sai da giya irin wannan ziyara ke yiwuwa. A Turfan da ke yammacin ƙasar Sin, inda Musulmin Uigur suka shahara da noman inabi da yin zabibi, baƙi na tururuwa don su zauna a inuwar rumfunan inabi, su ga ɗakunan shanya masu bangon tubali mai huje-huje inda iska mai zafi ke busar da 'ya'yan, su ga tsofaffin magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, su kuma halarci bikin inabi na shekara-shekara. Abin da baƙo ke saye shi ne gani, da ɗanɗano, da labari, da tsarabar da zai kai gida.

Sai dai baƙi, kamar ruwan sama ne, suna rayarwa suna kuma yin ɓarna. Inda suka yi yawa, ƙasa takan yi tsada, gonaki su koma filayen gini, 'ya'yan manoma su bar fartanya su koma tallar tsaraba, har abin da aka zo gani ya ɓace. Ƙasashe biyu sun yi wa wannan rigakafi. A 1968 hukumar gundumar Napa a Kalifoniya ta keɓe ƙasar kwarinta don noma, ta hana yayyanka ta ƙanana-ƙanana a yi gidaje. A 1985 Italiya ta yi dokar baƙuncin gona, wadda ta ce saukar baƙi da ciyar da su sai ya zama rassa ne na aikin gona, noma shi ne gindi. Wannan ita ce ma'anar ɗorewa a taƙaice: kada abin da aka samu yau ya cinye abin da za a samu gobe.

Gama Kai a Ƙasar Zazzau

Haɗa kai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Akwai gayya a gona, akwai adashi a tsakanin mata da 'yan kasuwa, akwai gandu a cikin gida, kowace sana'a kuma da sarkinta mai sasanta rigima. Wanda ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya riga ya faɗi ka'idar gama kai. Abin da gayya da adashi ba su da shi shi ne littafi, da rajista, da dukiyar tarayya mai daɗewa bayan waɗanda suka kafa ta sun shuɗe.

Gama kai irin na doka ya shigo Nijeriya bayan rahoton C. F. Strickland na 1934, aka yi dokar farko a 1935, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1956. Amma tarihin amfanin sayarwa a Zazzau ya nuna cewa yawanci daga sama ake tsara manomi. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefensa, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa yanka farashi. Kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, ya riƙa ba manoma iri da taki yana sayen ganye. A cikin wannan duka, mai saye ne ke riƙe da sikeli da rumbu da kasuwa. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙun Kaduna kuma suka durƙushe daga baya, manomin auduga ya waiwaya bai ga wata ƙungiya tasa da zai jingina da ita ba. Haka nan an sha ganin ƙungiyoyin da ake kafawa dare ɗaya don karɓar taki ko rance, da zarar an raba sai kowa ya kama gabansa. Irin waɗannan ne suka sa manomi ke ɗari-ɗari in an ambaci ƙungiya.

Akwai kuma wani darasi daga Samaru kanta. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1966 da 1967 David Norman da abokan aikinsa suka bi diddigin noman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka nuna cewa al'adar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ba ce, dabara ce ta rage haɗari da cin moriyar ƙwadago. Wannan ya shafi inabi kai tsaye. Manomin da ya sayar da gonar hatsinsa ya zuba kome a rumfar inabi, shekara ɗaya ta cuta ko ta faɗuwar farashi ta isa ta raba shi da gida. Inabi ƙari ne a kan rumbu, ba madadinsa ba.

Rabon Aiki Tsakanin Kudan da Samaru da Sabon Gari

Idan aka auna abubuwan da suka gabata, za a ga aiki ya kasu uku.

Na farko na manoma ne. Ƙungiyar da za ta yi ƙarko ita ce wadda manoman da kansu suka sa hannun jari a cikinta, kowa da ƙuri'a ɗaya ko gonarsa eka goma ce ko rabin eka, ana karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, ana kuma canja shugabanni a kan lokaci. Ta fara da abu mai sauƙi: sayen waya da taki da magani da kwalaye a dunƙule, da sikeli ɗaya amintacce, da hayar mota ɗaya. Sa'an nan ta tsara ranakun datsa, domin kada gonaki duka su nuna a mako guda kasuwa ta cushe. Ta rarraba kaya daraja-daraja, ta biya kowa gwargwadon kyan abin da ya kawo. In ƙarfi ya samu, sai ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, da wurin shanya zabibi da matse ruwan inabi, inda mata za su sami sana'a da rabo na kansu.

Na biyu na Samaru ne. Manomi ba shi da halin gwada iri goma ya jira shekara uku ya ga wanne ya dace. Wannan aikin cibiyar bincike ne. A wurinta ya kamata a sami dashe mai tsabta, da jadawalin datsa da ban-ruwa wanda aka gwada a ƙasar nan, da awon zaƙi da na ragowar magani. Hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS, wadda ita ma a Samaru take, ta saba buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo da Hausa. Ɗaliban aikin gona da na lissafin kuɗi da na zane kuwa, ga filin aiki a bakin ƙofarsu: wani ya auna cuta, wani ya gyara littafin ƙungiya, wani ya zana tambari da taswira.

Na uku na Sabon Gari ne da ma'aikatan hukuma. A Sabon Gari kasuwa take, da motoci, da masaukai, da 'yan kasuwa na kowace ƙabila masu hulɗa da kudu da arewa. Dillali ba abokin gaba ba ne. Shi ya san hanya da masu saye, abin da ake so shi ne ya yi ciniki da ƙungiya mai ɗakin sanyi, ba da mutum ɗaya mai kaya a rana ba. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati, aikinsa ya yi rajista ba tare da jan rai ba, ya binciki littattafai da gaskiya, ya gyara hanyar ƙauye, ya kuma yi amfani da ikon da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi a kan filayen karkara wajen kare ƙasar noma daga masu yankan fuloti. Ba aikinsa ba ne ya naɗa wa ƙungiya shugaba.

Game da baƙi, ba sai an jira Turawa ba. Baƙin farko su ne 'yan makaranta, da ɗaliban jami'a da iyayensu a ranakun yaye ɗalibai, da mahalarta tarurruka, da iyalai daga Kaduna da Kano. Zariya tana da abin gani tun dā: ganuwa da ƙofofinta, da dutsen Kufena, da fadar Sarkin Zazzau, da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da tsohon cocin Wusasa. Wanda ya ga waɗannan da safe, yana iya yin la'asar a inuwar rumfar inabi, ya tsinka da hannunsa a auna masa, ya ga yadda ake dafa mazarƙwaila a gonakin rake na yankin, ya koma da tsaraba.

Sharuɗɗan Ɗorewa

Sharaɗi na farko ruwa ne. Inabi a rani yake shan ruwa, lokacin da rijiyoyin gari ke ja baya. In kowa ya haƙa burtsatse ba lissafi, rijiyar maƙwabci ce za ta fara ƙafewa, rigima kuma ta biyo baya. Ban-ruwa ta ɗigo a gindin kuranga, da rufe ƙasa da ciyawa, suna rage asara ƙwarai.

Na biyu magani ne. Inabi da ɓawonsa ake ci, yara kuma sun fi kowa son sa. A 2010 an tsare inabin Indiya mai yawa a tashoshin Turai saboda ragowar wani sinadari, manoma suka tafka asara, har da waɗanda ba su da laifi. Tilas kowace gona ta riƙe littafin feshi, mai feshi kuma ya sami abin rufe hanci da jiki.

Na uku mutuncin gari ne. Ƙauye ba gidan kallo ba ne. Sai da yardar dagaci da masu unguwa da malamai za a tsara inda baƙo zai shiga da inda ba zai shiga ba, da sha'anin ɗaukar hoto, da rabon abin da aka samu, har da ladan 'yan ƙwadago.

Na huɗu tsaro ne. Satar mutane da aka sha fama da ita a Jihar Kaduna, musamman a 2021 da 2022, ta nuna cewa labari ɗaya marar daɗi ya isa ya kori baƙi shekara da shekaru. Ziyarar rana, cikin ayari, da sanin hukuma da mutanen gari, ita ce mafarin da hankali zai ɗauka.

Kammalawa

Manoman Mayschoss da Maraussan da Maharashtra ba don ƙaunar taro suka haɗu ba. Wuya ce ta koya musu cewa ɗan itacen da ba ya jira, mai shi ba ya ciniki shi kaɗai. Jerin matakan da suka bi kuwa bai canja ba: da fari haɗa kai, sa'an nan ƙa'idar kyan kaya, sa'an nan suna, daga ƙarshe baƙi. Wanda ya fara da kafa allon maraba tun bai gyara sikelinsa ba, ya ɗaura sirdi ne babu doki. Ƙasar Zazzau tana da rani mai kyau, da manoman da suka riga suka nuna cewa kuranga tana yi, da cibiyar bincike da ta haura shekara 100, da kasuwa a bakin babbar hanya. Abin da ya rage shi ne littafi ɗaya da sikeli ɗaya waɗanda manoma za su amince da su, da ma'aikata da ɗalibai masu ɗaukar wannan aiki nasu ne.